Ranar da Buta Ta Suɓuce wa Baffa

[Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa]

Iyayenmu da ke kishingiɗe da rediyo a gefen kunne, ina gaishe ku da kyau. Yau da ku nake, amma ina roƙon a kira mini 'ya'ya da surukai da jikoki su matso kusa, domin rabin maganar tasu ce.

Ina da baffa, ƙanin mahaifina, ɗan kasuwar hatsi, shekarunsa sun haura 65. Wata asuba ya fito alwala, ya ɗauki buta da hannun dama, sai butar ta suɓuce. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi. Ya buɗe baki zai kira Inna, matarsa, sai sautin ya fito a dagule, kamar na mai magana da tuwo a baki. Da Inna ta haska shi da tocila, ta ga bakinsa ya karkace gefe guda.

Abin da ya biyo baya kun san shi, don gidaje da yawa sun ga irinsa. Aka ce iska ce ta buge shi a bakin rariya. Aka kawo ruwan tofi ana ɗura masa, yana ƙwarewa. Aka shafe shi da mai, aka turara ɗaki, aka ce a dakata a ga abin da hantsi zai yi. Hantsi ya wuce, azahar ta wuce, aka kwana. Sai washegari aka nemi mota. Duk wanda ya sa hannu a wannan jinya don ƙauna ya yi, ni shaida ne. Amma da likita ya zauna da mu yana tambayoyi, abubuwa biyu suka fito waɗanda har yau suke ci mini rai. Na farko, shekara uku kafin nan an taɓa gaya wa Baffa yana da hawan jini, ya sha magani wata biyu, ya ji garau, ya ajiye. Na biyu, mako biyu kafin ranar, yana zaune a majalisa harshensa ya yi nauyi na kamar minti goma, sannan ya sake. Abokansa suka ce gajiya ce.

Wannan ciwo shi muke kira shanyewar ɓarin jiki. Sunan ya sa hankalinmu ke tafiya kan hannu da ƙafa, alhali ɓarnar a ƙwaƙwalwa take. Masu noman rani za su fi kowa gane wannan. Ku ɗauki ƙwaƙwalwa a matsayin lambu mai fangali-fangali: wannan na motsa hannu, wancan na magana, wancan na gani, wani na haɗiya. Jijiyoyin jini su ne hanyoyin ruwan da ke shayar da kowane fangali. Idan gudan jini ya toshe hanya ɗaya, abin da ke bayanta ya fara bushewa. Idan kuma hanyar ce ta fashe saboda ƙarfin ruwa, jini ya malala cikin ƙwaƙwalwa ya danne ta. Iri biyu ke nan, toshewa da fashewa. Kuma jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa jiki a gicciye suke: ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke riƙe da daman jiki, a nan ne kuma cibiyar magana take ga yawancin mutane. Shi ya sa Baffa ya rasa hannun dama da magana a lokaci guda.

Bambancin ƙwaƙwalwa da lambu shi ne, shuka tana iya jure kwana biyu ba ruwa, ƙwaƙwalwa kuwa da minti ake lissafa mata. A 2006 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka ya ƙiyasta cewa idan babbar jijiya ta toshe, ana asarar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 2 a kowane minti. Ku auna wannan da kwana guda cur da muka yi muna jira.

To me ke jawo shi? A kan wannan muna da amsa daga mutanenmu, a asibitocinmu. Tsakanin 2014 da 2017 likitocin Najeriya da Gana sun yi wani babban bincike mai suna SIREN, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan, kuma Kano da Zariya na cikin wuraren da aka yi shi. Sun kwatanta mutum 2,118 da suka sami shanyewar jiki da wasu 2,118 masu lafiya, aka buga sakamakon a 2018. Abin da ya yi wa sauran dalilai fintinkau shi ne hawan jini: kusan kashi 90 cikin 100 na ciwon yana da nasaba da shi. Sannan kusan kashi ɗaya cikin uku na majinyatan jijiya ce ta fashe musu, adadin da ya zarce na ƙasashen Turai nesa ba kusa ba, kuma fashewar ta fi saurin kisa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hawan jini shi ne abin da ke tsaga bangon jijiya, a hankali, shekara da shekaru.

Iyayena, ga maganar da na fi son ta zauna muku. Hawan jini ba ya sallama. Na sha jin dattijo yana cewa, "Ni na san nawa, in ya hau ƙeyata ke sara." Mafi yawan masu hawan jini ba sa jin komai, suna cin tuwonsu, suna zuwa gona da kasuwa, ko da awon nasu ya kai 180. Na'urar awo kaɗai ke faɗin gaskiya. Idan an auna ka a ranaku biyu daban-daban aka sami lambar sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, to kana da shi, ko da kana jin ƙarfin kokawa da saurayi. Awon ba ya cin minti biyar, ana yin sa a ƙaramin asibitin unguwa, ana yi a kemis da yawa. Ka zauna ka huta tukuna, ka jingina bayanka, ka yi shiru a gama.

Ga kuma ramin da Baffa ya faɗa. Maganin hawan jini ba irin na zazzaɓin cizon sauro ba ne, da za a sha kwana uku a gama. Riƙe ciwon yake yi, kamar yadda takunkumi ke riƙe baki. Ranar da aka cire, ranar ya koma gidan jiya. Jin sauƙin da ka yi alama ce maganin na aiki. Na san dalilan da ke sa a daina, kuma ba na raina ko ɗaya. Wani maganin yana sa tari mai naci, wani kumburin ƙafa, wani yawan fitsari, wasu mazan kuma suna da ƙorafin da kunya ke hana su faɗa. Wani kuwa kuɗin ne suka gagara. Duk wannan ka koma ka gaya wa likita ƙarara. Magungunan iri-iri ne, ana sauya wani da wani, kuma akwai masu arha da ke aiki daidai da masu tsada. In azumi ya zo, ka tambaya a tsara maka shan sa da sahur ko bayan buɗa-baki. Zoɓo marar sukari da tafarnuwa da mutane ke yabawa ba laifi a sha, amma kada a ajiye ƙwaya dominsu.

Yanzu bari in leƙa madafa, in gaida iyayenmu mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, a haɗe da duk abin da ya shiga bakinsa daga karin kumallo zuwa tuwon dare. Mu kuwa mukan zuba gishiri a miya, mu marmasa dunƙule huɗu ko biyar, alhali wajen rabin kowane dunƙule gishiri ne. Mu jefa kanwa a wake da miyar kuka, ita ma sinadarin da ke cikin gishiri mai tayar da jini yana cikinta. Sannan a kawo yaji, wanda shi ma an daka shi da gishiri da dunƙule, a barbaɗa a kai. Ban ce a yi miya lami ba. A rage kaɗan-kaɗan, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. A ƙara daddawa, albasa, citta, tafarnuwa da busasshen kifi, su ne suka riƙe miyar kakanninmu kafin dunƙule ya zo. Kuma a rage wa gida gaba ɗaya. In aka ware wa tsoho tukunyarsa shi kaɗai, zai ga kamar horo ake yi masa, ya aika a sayo masa tsire a ɓoye.

Binciken da na ambata ya gano wani abin daɗi: masu cin ganye kullum sun fi samun kariya. Zogale, rama, alayyafo, yakuwa, tafasa, lansir, duk ga su a bayan gida da bakin kasuwa, a farashin da talaka zai iya. Yawan cin nama a kai a kai kuwa, da ƙaton tumbi, da zaman wuri ɗaya, suna cikin abubuwan da suka ƙara haɗari. Tafiyar minti 30 sau biyar a mako ta wadatar. Dattijo ya taka zuwa masallacin Juma'a in da hali, maimakon hawa babur. Gwaggo da ba ta fita ta zaga tsakar gida da safe da yamma, jika na rakiya. Sigari da shisha da taba gari a rabu da su. Mai ciwon suga ya riƙe nasa da kyau, domin suga da hawan jini in suka haɗu, jijiya ce ke shan wahala.

Abu biyu kuma da ba a cika faɗa ba. Magungunan ciwon gaɓoɓi irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda tsofaffi ke saye a hannun masu talla suna sha kullum saboda gwiwa da baya, suna iya tayar da jini su taɓa ƙoda. Na biyu, ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka ka saurari bugun. Idan yana tafiya yana tuntuɓe, ba tsari, ka je a duba zuciyarka. Akwai wata rikicewar bugun zuciya da ta fi kama tsofaffi, tana sa jini ya daskare a cikin zuciya ya tafi ƙwaƙwalwa, tana ninka haɗarin shanyewar jiki wajen sau biyar, kuma tana da magani.

[Gajeren kiɗa]

Masu saurare, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan shanyewar ɓarin jiki ga dattawa. Mun zo kan ranar da abin ya faru. Matasan gida, ku buɗe kunne.

Alamar wannan ciwo ita ce zuwa farat ɗaya. Ka dubi fuska: ka ce ya yi murmushi, ka ga ko gefe ɗaya ya zube. Ka ce ya ɗaga hannu biyu, ka ga ko ɗaya na sauka da kansa. Ka ce ya faɗi sunansa da na garinsu, ka ji ko maganar ta dagule, ko ya kasa gane abin da kake cewa. Wani kuma gani ne ke ɗaukewa, wani jiri ne da tangaɗi, wani ciwon kai ne mai tsanani irin wanda bai taɓa ji ba. Ɗaya daga cikin waɗannan ta isa. Ka duba agogo ka riƙe lokacin, ko ka riƙe cewa bayan kiran sallar fari ne, domin likita zai tambaya. Sannan a nemi mota.

Ko da alamar ta wuce cikin minti goma, kamar ta Baffa a majalisa, a tafi a ranar. Wannan gudan jini ne ya toshe hanya ya sake, gargaɗi ne, kuma kwanakin farko bayansa su ne mafi haɗari.

Kafin mota ta zo, a kwantar da shi a kan gefensa, a sassauta masa wuyan riga. Kada a ba shi komai ta baki, ko ruwa, ko kunu, ko rubutu, ko ƙwaya. Ciwon yakan taɓa haɗiya, sai abin da aka ɗura ya bi hanyar iska ya sauka a huhu, kwana biyu zazzaɓi da ciwon huhu su taso, kuma wannan na cikin abubuwan da suka fi kashe masu shanyewar jiki a makonnin farko. Kada a ba shi asfirin don an ji ana ba masu irin ciwon: in jijiya ce ta fashe, ƙara zubar jinin zai yi, kuma ba mai iya bambance toshewa da fashewa da ido, sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Kada a tara masa ƙwayoyin hawan jini a ce a sauke shi da ƙarfi. Ƙaho da tsaga ba sa kaiwa inda ɓarnar take. Addu'a kuwa ba ta da shamaki. A yi ta a cikin mota, a tofa masa a jiki, ana tafiya.

In da zaɓi, a nufi babban asibiti inda aka fi sa ran samun na'urar hoton ƙwaƙwalwa, irin asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Maiduguri. In sun yi nisa, a fara da mafi kusa su tura ku gaba. Akwai allurar da ke narkar da gudan jini idan an yi ta cikin awa huɗu da rabi. Gaskiya ita ce a wajenmu tana da wuyar samu, tana da tsada. Amma kada wannan ya sa a ce zuwan ba shi da amfani. A asibiti za a auna suga, domin faɗuwar suga takan yi kama da wannan ciwo sak, kuma ita nan take ake gyara ta. Za a lura da jini da numfashi, a gwada haɗiya, in ta lalace a sa robar hanci a ciyar da shi lafiya.

Sai dawowa gida, inda aikin gaske yake, inda kuma aka fi yin sakaci. Mukan shimfiɗa wa majinyaci katifa a ƙuryar ɗaki, mu yi ta shigowa muna "sannu, Allah ya ƙara sauƙi", muna yi masa komai, har wata shida su wuce, hannu ya ƙage, ƙafa ta sandare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙwaƙwalwa tana da baiwar koyon sabuwar hanya: sassan da suka tsira suna iya karɓar wani abu daga aikin waɗanda suka mutu, amma sai da maimaici, kuma ta fi saurin koyo a wata uku zuwa shida na farko. Bayan haka ma ana samun ci gaba, sai dai a hankali.

Wannan shi ne aikin likitocin gashi. Sai dai kalmar gashi ta ruɗi mutane da yawa, suna zaton ruwan zafi da tawul ake nufi. Ku yi hattara, ɓangaren da ya shanye sau da yawa ba ya jin zafi sosai, sai a ƙona mutum bai sani ba. Aikin nasu motsa gaɓoɓi ne da koyar da zama, da tsayuwa, da taku. Ku je da wanda zai riƙa jinya, ya koya da idonsa, ya dawo yana yi a gida safe da yamma. Abin da ke hannunmu ma kayan aiki ne: jan carbi da hannun da ya raunana, tsintar ƙwayar wake daga faranti zuwa kofi, ɓare gyaɗa, sa maɓallin riga. In zai iya kai loma bakinsa, ko da rabi na zubewa, a bar shi ya kai. Tausayin da ke karɓe cokali daga hannunsa yana jinkirta masa warkewa.

Wanda bai iya juyawa da kansa, a juya shi duk bayan awa biyu, a duba ƙugu da diddige da kafaɗa, a tabbatar shimfiɗa a bushe take, don gyambon kwanciya in ya kama da wuyar warkewa. Kada a taɓa ɗaga shi ta hanyar jan hannun da ya shanye. Kafaɗar ta saki, za ta iya gocewa ta bar shi da ciwo na watanni. A tallafe hannun da matashi. Wajen cin abinci a zaunar da shi sosai, loma ƙanana, kunu mai ɗan kauri ya fi ruwa tsululu sauƙin haɗiya ga da yawansu. A kawar da tabarmar da bakinta ya naɗe da duk abin tuntuɓe, a sa fitila a hanyar bayi, a samar masa kujera mai rami tunda tsuguno ya gagara.

Maganar da ta fi taɓa ni ita ce ta harshe. Baffa ya yi wata biyu in yana son ruwa sai ya ce "takalmi", ya ji abin da ya fito daga bakinsa, hawaye su zubo. Wasu 'yan dubiya suka fara magana a kansa a gabansa, kamar ba ya wurin, har da masu cewa ya taɓu. Hankalinsa na nan daram, kalmomi ne suka ɓace masa. Abin mamaki, Fatiha ba ta ɓace ba, yana karanta ta tiryan-tiryan. Abin da aka haddace tun yarinta yakan tsira ko da sauran magana ta tafi, kuma ana iya farawa daga nan. A yi masa magana mutum ɗaya-ɗaya, a taƙaice, da tambayar da amsarta i ce ko a'a, a ba shi lokaci, kada a riga shi ƙarasa zance.

Kimanin mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka sami wannan ciwo suna faɗawa cikin baƙin ciki mai zurfi: ƙin abinci, ƙin motsa jiki, juya fuska ga bango. Kada a ce masa ya rasa tawakkali. Ciwo ne a kan ciwo, a gaya wa likita, yana da magani. Mutumin da jiya shi ke yanke hukunci a gida, yau ana kai shi bayi, dole zuciya ta karaya. Ku ci gaba da kawo masa shawarar aure da ta gona, a fito da shi zaure ya ga jama'a, abokan majalisa su dawo da hirarsu ƙofar gidansa. Ku kuma tuna da mai jinya. Yawanci mace ɗaya ake bar wa nauyin, mata ko 'ya, ba barci ba hutu, har ita ma jininta ya hau. A raba kwana, maza su karɓi ɗagawa da wanka, wanda ke nesa ya ɗauki kuɗin magani. Maganin kuma ba fashi, domin wanda ciwon ya taɓa kamawa ya fi kowa haɗarin a karo na biyu.

Baffa yau shekara biyu ke nan. Hannun dama bai dawo duka ba, da hagu yake riƙe buta. Yana dogara sanda zuwa masallacin ƙofar gida, ya yi sallarsa a kan kujera. Yakan kira ni da sunan yayana, sannan ya girgiza kai ya gyara. Babban ɗansa ya sayi na'urar awo, duk Juma'a bayan an sauko yana auna shi ya rubuta a wani ɗan littafi, ya auna Inna, ya auna kansa. A nan ne aka gano shi ma ɗan, mai shekara 41, nasa ya haura 150, yanzu tare suke karɓo magani.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zauna kan ciwon suga da kula da ƙafar mai shi. Masu jinya a gida da asibiti, Allah ya ba ku lada, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. A huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]